Carl Runge (1856–1927): Masanin da Ya Gano Iyakar Dabarar Cike Giɓi a Lissafi

Tsakure

Wannan muƙala ta bi sawun rayuwar Carl Runge, Bajamushen masanin lissafi da kimiyyar haske, tun daga ƙuruciyarsa a Habana har zuwa rasuwarsa a Göttingen. An fi ba da ƙarfi ga bincikensa na 1901, wanda ya tabbatar da cewa yawan ɗigogin awo ba ya ba da tabbacin ingancin kintace muddin an jera su da tazara iri ɗaya. An kuma nuna yadda horo iri biyu da ya samu, wato tsantsar lissafin Berlin da aikin awo na ɗakin gwaji a Hannover, suka haɗu suka buɗe masa ido ga abin da ya shige wa magabatansa duhu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe jadawalin awo ya san cewa jadawali ba ya cika. Mai lura da yanayi yakan rubuta zafin gari na ƙarfe goma da na ƙarfe goma sha ɗaya, sai kuma a tambaye shi na goma da rabi. Masanin taurari yakan ga inda tauraro mai wutsiya ya tsaya a darare biyar, alhali abin da ake nema shi ne hanyar da ya bi baki ɗaya. Dabarar kintatar abin da ke tsakanin awo da awo ita ce ake kira cike giɓi a wannan muƙala.

Makamin da aka fi dogara da shi wajen wannan aiki shi ne folinomiyal, wato jimlar aljabara irin 2x³ − x + 5, wadda lissafa ta ba ya buƙatar komai sai tarawa da ɗebewa da ninkawa. Mafi girman ƙarfin da aka ɗaga x zuwa gare shi shi ne matakin folinomiyal. A misalin nan matakin uku ne. An daɗe ana ɗauka cewa idan aka ƙara ɗigogin awo, aka ɗaga mataki, dole kintace ya ƙara kusantar gaskiya. Mutumin da sunansa ya manne wa rushewar wannan zato shi ne Carl David Tolmé Runge.

2.0 Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Runge ranar 30 ga Agusta, 1856, a birnin Bremen na ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Julius Runge, ɗan kasuwa ne da ya yi zama a Habana ta ƙasar Kyuba, inda kuma ya riƙe muƙamin ƙaramin jakadan Denmak. Mahaifiyarsa, Fanny Tolmé, ɗiyar wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila ce. A Habana yaron ya yi shekarunsa na farko, a gidan da Ingilishi yake yawo a bakin iyaye, kuma wannan harshe ya yi masa rana daga baya lokacin da hulɗarsa da masanan Ingila da Amurka ta yi ƙarfi. Iyalin sun koma Bremen, mahaifin ya rasu a 1864, tarbiyyar yaran ta koma wuyan uwa ita kaɗai.

Da ya kammala makarantar sakandare a 1875, ya yi wata shida yana zagaya Italiya tare da mahaifiyarsa. A 1876 ya shiga Jami'ar Munich da niyyar karanta adabi da falsafa. Bai yi nisa ba ya sauya sheƙa zuwa lissafi da kimiyyar fiziks. A can ya ƙulla abota da wani ɗalibi mai suna Max Planck, abotar da ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Horon Berlin

A 1877 abokan biyu suka nufi Berlin. Planck ya tsaya ga fiziks, shi kuwa Runge darussan Karl Weierstrass suka ja hankalinsa zuwa tsantsar lissafi. Weierstrass malami ne da ba ya karɓar kowace magana sai da hujja cikakkiya, kuma ya shahara da ƙirƙiro misalan da ke karya abin da kowa ya ɗauka tabbas ne. Wannan ɗabi'a ta shiga jikin ɗalibin. Ya sami digirinsa na uku a 1880 da kundi a kan lanƙwasar layukan da aka zana bisa saman siffofi. A 1883 ya sami shaidar cancantar koyarwa a jami'a da wani aiki a kan warware daidaiton aljabara da alƙaluma, aikin da tasirin Leopold Kronecker ya bayyana a cikinsa.

A 1885 ya buga muƙaloli a mujallar Acta Mathematica, wadda Gösta Mittag-Leffler ya kafa a Stockholm. Ɗaya daga cikinsu ta ƙunshi ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa, a kan yadda ake kusantar dangantakar lissafi a fagen lambobi masu sarƙaƙiya, wato lambobin da suka haɗa da tushen murabba'in −1. A wannan shekarar kuma Weierstrass ya tabbatar da cewa duk wani layi da bai tsinke ba, a cikin iyakantaccen tsawo, akwai folinomiyal da za ta kusance shi gwargwadon yadda ake so. Ya kamata a riƙe abubuwan nan biyu, domin bayan shekara 16 za su sake haɗuwa a hannun Runge.

4.0 Hannover da Layukan Haske

A 1886 aka ba shi kujerar farfesan lissafi a babbar kwalejin fasaha ta Hannover. A 1887 ya auri Aimée du Bois-Reymond, ɗiyar shahararren masanin ayyukan gaɓoɓin jiki, Emil du Bois-Reymond. Ya shekara 18 a Hannover, kuma a nan rayuwarsa ta ilimi ta ɗauki wata alƙibla da abokansa na Berlin ba su zata ba.

Idan aka ƙona sinadari aka ratsa haskensa ta na'urar da ke warwatsa launuka, akan ga siraran layuka a wurare na musamman, kowane sinadari da nasa jeri. A 1885 Johann Balmer, wani malamin makaranta a Basel, ya gano taƙaitacciyar ƙa'ida da ta dace da layukan haidurojin. Runge ya so ya san ko sauran sinadarai ma suna da irin wannan tsari. Ya haɗa kai da abokin aikinsa Heinrich Kayser, masanin fiziks, suka shafe kusan shekara bakwai suna ɗaukar hotunan layuka, suna aunawa, suna lissafi da hannu. Bayan Kayser ya koma Bonn a 1894, Runge ya ci gaba da Friedrich Paschen. A 1895, shekarar da William Ramsay ya samo iskar hiliyom a doron ƙasa, suka auna layukanta, suka gano cewa sun kasu gida biyu, har suka yi zaton iskar gauraye ce ta sinadarai biyu. Zaton bai tabbata ba, amma rabon da suka yi wa layukan ya tsaya daram.

Akwai darasi guda da wannan aiki ya bari. Ƙa'idar da Kayser da Runge suka yi amfani da ita wajen tsara layukan tana da ma'aunai da ake daidaitawa har lissafi ya yi daidai da awo, kuma ta dace da alƙaluman da ke hannu. Sai dai ƙa'idar da Johannes Rydberg na ƙasar Suwidin ya gabatar a daidai wannan zamani ita ce ta fi kusa da ainihin tsarin ƙwayar zarra, ita ce kuma ta wanzu. Dacewar ƙa'ida da ɗigogin da aka auna abu ne daban, gaskiyarta a inda ba a auna ba kuma abu ne daban.

A Hannover ɗin dai, a 1895, ya buga muƙalarsa a kan warware daidaiton sauyi da alƙaluma. Matsalar ita ce: idan an san saurin da abu yake sauyawa a kowane hali, yaya za a san halin da zai shiga nan gaba? Tsohuwar hanyar Euler tana duba saurin a farkon taki kawai, ta yi tsalle. Runge ya kawo dabarar sake duba saurin a tsakiyar takin kafin a yanke hukunci. Karl Heun a 1900 da Wilhelm Kutta a 1901 suka faɗaɗa ta, aka sami hanyoyin Runge da Kutta da injiniyoyi suke aiki da su har gobe.

5.0 Matsayin Cike Giɓi Kafin 1901

Tushen dabarar mai sauƙi ne. Ɗigo biyu suna ƙayyade miƙaƙƙen layi ɗaya, ɗigo uku suna ƙayyade folinomiyal ɗaya wadda matakinta bai wuce biyu ba, haka abin yake tafiya: ɗigo goma sha ɗaya suna ƙayyade guda ɗaya tak wadda matakinta bai wuce goma ba. Isaac Newton ya bayyana hanyarsa ta samo ta a littafinsa na 1687, inda ya yi amfani da ita ga taurari masu wutsiya. Edward Waring ya buga wata siga a 1779, Joseph-Louis Lagrange ya sake gabatar da ita a darussansa na Paris a 1795, sunansa kuma ya bi ta.

Kowace siga da amfaninta. Ta Newton tana ba da damar ƙara sabon ɗigo ba tare da rushe lissafin baya ba, ƙari ɗaya kawai ake yi a ƙarshe. Ta Lagrange ta fi sauƙin rubutawa da kafa hujja, amma a sigarta ta asali sabon ɗigo yana tilasta a koma farko. Charles Hermite ya kawo wata hanya ta daban don lokacin da aka san gangaren layin a kowane ɗigo baya ga tsayinsa. Abin lura shi ne, muddin ɗigogin iri ɗaya ne, sigar Newton da ta Lagrange folinomiyal guda suke haifarwa. Zaɓi tsakaninsu zaɓi ne na sauƙin aiki, ba ya taɓa ingancin amsar a ƙa'ida. Tambayar da ta fi nauyi, wato ko amsar tana kusantar gaskiya yayin da ɗigogi suke ƙaruwa, ba a cika yin ta ba. Bafaranshe Charles Méray ya riga ya yi nuni da cewa akwai matsala, amma gargaɗinsa bai yi amo ba. Ƙa'idar Weierstrass ta 1885 ma ta ƙara kwantar wa mutane hankali, domin sun manta cewa ita ta ce akwai folinomiyal mai kusantowa ne kurum, ba ta ce wadda aka tilasta ta ratsa ɗigogi masu tazara ɗaya ita ce wannan ba.

6.0 Muƙalar 1901

A 1901 Runge ya buga muƙala a mujallar Zeitschrift für Mathematik und Physik a kan cike giɓi tsakanin awo masu tazara iri ɗaya. Misalin da ya ɗauka shi ne 1/(1 + x²), daga −5 zuwa 5. Zanen wannan dangantaka tudu ne mai santsi: tsayinsa 1 a tsakiya, yana gangarowa a hankali ta kowane ɓangare, babu tsinkewa, babu kusurwa. Idan akwai layin da ya kamata dabarar ta yi wa adalci, to wannan ne.

Ga abin da yake faruwa. Idan aka ɗauki ɗigo 11, ɗaya a kan kowace cikakkiyar lamba, folinomiyal ta mataki goma tana bin tudun da kyau a tsakiya. Amma a kusa da 4.7, inda ainihin tsayin bai kai 0.05 ba, sai ta yi sama har ta kusa 2, wato kuskuren ya kusa ninka tsayin tudun sau biyu. Idan aka ƙara ɗigogin zuwa 21 da fatan gyara, kuskure mafi girma yakan kai kusan 60. A duk wannan hali folinomiyal tana ratsa kowane ɗigo daidai, ɓarnar tana ɓoye ne a tsakaninsu. Runge ya nuna cewa akwai iyaka a wajen 3.63 ta kowane ɓangare: a cikinta ƙarin ɗigogi yana inganta kintace, a wajenta yana ƙara lalata shi ba iyaka.

Bai tsaya ga nuna misali ba, ya faɗi dalili, kuma a nan horon Berlin ya yi aikinsa. Babu lamba ta yau da kullum da za ta mayar da 1 + x² sifili. A fagen lambobi masu sarƙaƙiya kuwa akwai guda biyu, i da −i, waɗanda suke zaune taki ɗaya sama da ƙasa da tsakiyar layin. A waɗannan wurare dangantakar tana fashewa. Kafin cike giɓi da tazara ɗaya ya yi nasara a dukkan tsawon, dole dangantakar ta kasance lafiya lau a cikin wani fili mai siffar ido da ya kewaye layin, wanda a wannan misali ya kai kimanin taki 2.6 sama da ƙasa da tsakiya. Wuraren fashewar biyu sun faɗo cikin filin. Ma'ana, abin da ke lalata lissafin yana can a wurin da mai zanen jadawali ba ya ganinsa.

Akwai kuma illa ta biyu da ta shafi mai awo kai tsaye. Babu awon da ba shi da ɗan kuskure. Idan ɗigogi suna da tazara ɗaya kuma matakin yana da tsawo, yadda dabarar take kumbura wannan kuskure a kusa da gefe yana kusan ninkawa biyu da kowane ƙarin ɗigo. Ga mutumin da ya shafe shekaru yana auna layukan haske, wannan magana ce ta aikin yau da gobe.

7.0 Abin da Binciken Ya Sauya a Wajen Zaɓi

Bayan Runge, tambayar farko ta koma ina za a sa ɗigogi, da kuma wane mataki ya dace, kafin a zo ga wace siga za a rubuta. Amsoshi uku suka yi fice.

Ta farko ta shafi wanda yake da ikon zaɓar inda zai auna. Sai ya cunkusa ɗigogi a gefe biyu, ya sassauta a tsakiya, bisa tsarin da ya samo asali daga aikin Pafnuty Chebyshev na ƙasar Rasha a shekarun 1850. Hanyar samo su ita ce a zana rabin da'ira a kan layin, a raba bakanta kashi-kashi daidai, a sauko da kowane ɗigo tsaye zuwa layin. Da irin waɗannan ɗigogi, misalin Runge yana ladabtuwa, kuskure yana raguwa yayin da ɗigogi suke ƙaruwa. Duk da haka Georg Faber ya tabbatar a 1914 cewa babu wani tsarin ɗigogi da zai yi wa kowane layi marar tsinkewa aiki.

Ta biyu ta shafi wanda jadawali ya zo masa a shirye da tazara ɗaya. Shi ya fi masa ya bar neman folinomiyal guda da za ta ɗauki komai, ya yi amfani da guntaye masu ƙaramin mataki, galibi mataki uku, waɗanda ake ɗinkewa a kan ɗigogi ta yadda mahaɗar ba za ta nuna ba. Isaac Schoenberg ne ya kafa nazarin wannan hanya a 1946, ya ara mata suna daga siririn katakon da masu zanen jiragen ruwa suke lanƙwasawa su fitar da layi.

Ta uku ta shafi awon da kuskurensa yake da yawa. A nan tilasta wa layi ya ratsa kowane ɗigo bin kuskure ne. Abin da ya dace shi ne a zaɓi ƙaramin mataki, a nemi layin da jimlar murabba'in nisansa da ɗigogi ta fi ƙanƙanta, hanyar da Legendre ya buga a 1805, Gauss kuma ya faɗaɗa.

8.0 Göttingen

A 1904, bisa ƙoƙarin Felix Klein, aka kira Runge zuwa Jami'ar Göttingen ya hau kujerar farfesan lissafin aikace-aikace, irinta ta farko a Jamus. A lokacin manyan masana da yawa suna kallon lissafi da alƙaluma a matsayin aikin magatakarda. Runge ya mayar da shi fanni mai ƙa'idoji da hujjoji, wanda tambayarsa ta kullum ita ce girman kuskuren da ke cikin amsa. Ya sa ɗalibai su zauna su yi lissafi da zane da hannunsu a darasi. Ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Ludwig Prandtl, masanin gudanar iska da ruwa, kuma a ƙarƙashinsa Max Born, wanda ya sami lambar Nobel a 1954, ya yi kundin digirinsa na uku. Bai yar da layukan haske ba: a 1907 ya fitar da wata ƙa'ida a kan yadda suke rarrabuwa a cikin filin maganaɗisu.

Tsakanin 1909 da 1910 ya koyar a Jami'ar Columbia ta New York a matsayin farfesan musanya, aka buga darussan a 1912 a littafi kan hanyoyin lissafi da zane. A 1924 shi da Hermann König suka fitar da littafin darussa a kan lissafi da alƙaluma, wanda ya tattara abin da ya shafe shekara ashirin yana koyarwa.

9.0 Iyali da Rasuwa

Allah ya ba Runge da Aimée 'ya'ya shida, mata huɗu da maza biyu. Ɗansa Bernhard ya rasu a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wilhelm ya zama injiniya a kamfanin Telefunken, yana cikin waɗanda suka fara aikin na'urar rada a Jamus. Nerina ta auri masanin lissafi Richard Courant. Babbar ɗiyarsa Iris ta gaji fannin uban, ta yi aikin lissafi a kamfanin Osram, ita ce kuma ta rubuta tarihinsa da aka buga a 1949.

Runge mutum ne mai son motsa jiki da kiɗan fiyano. An ruwaito cewa a bikin cikarsa shekara 70 ya tsaya bisa hannuwansa, ƙafafu a sama, don ya ba jikokinsa dariya. Ya yi ritaya a 1925, ya rasu ranar 3 ga Janairu, 1927, a Göttingen, sakamakon bugun zuciya. Akwai wani rami a duniyar wata da aka raɗa wa sunansa.

10.0 Kammalawa

Runge ya rasu kafin zuwan kwamfuta, amma zuwanta ya ƙara wa gargaɗinsa nauyi. A zamaninsa wahalar lissafi da hannu ita kanta takan hana mutum ɗaga mataki ya wuce biyar ko shida. Yau ɗalibi yana iya ratsa folinomiyal ta ɗigo hamsin cikin ƙiftawar ido, na'ura ta ba shi amsa mai jerin alƙaluma ba tare da ta ce masa uffan ba. Idan ya duba ɗigoginsa zai ga kowanne ya zauna daidai. Abin da Runge ya koyar shi ne ya duba tsakaninsu, musamman a gefe biyu, ya kuma tambayi kansa ko shi ya zaɓi wuraren awon, da kuma yawan kuskuren da ke cikinsu, kafin ya yanke hanyar da zai bi.